Masaukin Da Ba Shi Da Matakala

Da la'asar ɗin ranar Asabar, falon ya cika da ƙamshin man zafi. Auta na durƙushe gaban kujerar Baba tana murza masa hannun dama, hannun da ya daina motsi tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Mijinta kuwa, wanda kowa ke kira Malam saboda koyarwar da yake yi a sakandare, ya ture takardun ɗalibai gefe ya duƙufa a kan waya, sai murmushi yake yi shi kaɗai.

"Wai ni Malam, da wa kake hira ne haka, haƙora duk a waje?" in ji Auta.

"Da hanimun ɗinmu."

"Hanimun? Yawon amarci bayan shekara biyu? Ai wannan ya tsufa, sai dai a canza masa suna!"

"Bai tsufa ba, ajiye shi aka yi. Zo ki gani."

Gaskiya ya faɗa, ajiye shi aka yi. Ko lallen amarci bai gama barin hannun Auta ba ciwon ya sami Baba. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, kuma su biyu ne kawai a wurin Baba: ita da yayanta, dillalin motoci. Da aka sallamo Baba daga asibiti, Malam ne da bakinsa ya ce a kawo shi gidansu, tunda Auta nas ce. Ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki, ya sa gado. Tun daga nan rayuwa ta koma karɓa-karɓa. Ita ke tare da Baba da safe yayin da Malam ke makaranta. Yana dawowa ita kuma ta tafi diyutin yamma. A bakin ƙofa suke haɗuwa, ta ce masa "ya sha magani, saura na ƙarfe huɗu", ya ce mata "Allah ya tsare", shi ke nan hirar ma'aurata ta ƙare.

To ga shi yanzu gwamnati ta ba da hutu Alhamis da Juma'a, ya haɗe da ƙarshen mako, kuma an yi sa'a sunan Auta bai faɗo cikin masu aikin hutun ba.

Ta goge hannu ta zo ta zauna a hannun kujerarsa. Ya nuna mata masauki na farko, a bakin wani tafki, da fitilu kala-kala da manyan lasifikoki.

"Wannan ai ba hutu ba ne, gidan rawa ne," ta ce. "Karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa."

Ya karanta: "Wuri ya yi kyau, amma sauro ya fi ma'aikata kula da baƙi."

Ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Rabon da ya ji ta yi irin wannan dariyar har ya manta.

Na biyu wata gona ce can bayan gari: dogon gini mai ɗakuna a jere, bishiyoyin mangwaro, da garken shanu a gefe.

"Shanu?! Haba Malam! Ni da na tashi da warin maganin dabbobi a rigar Baba, shanu za ka kai ni kallo?" Baba likitan dabbobi ne kafin ya yi ritaya. "Wuce, don Allah."

Na uku ne ya ɗauke mata hankali. Ɗakunan katako ne a kan tsauni, da wata doguwar matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, da baranda mai kallon kwari. Gajimare kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta waiwayi mahaifinta, ta rage murya.

"Baba fa?"

"Na yi magana da Yaya. Ya ce shi da matarsa za su zo su zauna da shi. Zan nuna masa yadda ake komai."

"Tun ciwon nan ban taɓa kwana nesa da shi ba, Malam."

Ashe Baba na jin su. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya haɗo maganar da ƙyar, kamar yadda ya saba tun ciwon.

"Ku... je. Na gaji... da ganin... fuskokinku."

Suka yi dariya su uku. A take Malam ya kama ɗaki a masaukin kan tsauni. Ranar Auta ta fito da akwatin aurenta daga saman kabad, tana kakkaɓe ƙura tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Ana saura kwana biyu hutu Yaya ya zo. Kamar kullum, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, makullan mota na kaɗawa a yatsa, ledar lemo da ayaba a ɗaya hannun. Kamar kullum kuma, daga bakin ƙofar ɗaki ya gaida Baba, bai ƙarasa ciki ba. Ya dawo falo ya tsaya, ko zama bai yi ba.

"Maganar nan fa ba za ta yiwu ba," ya ce. "Akwai masu sayen mota da za su zo daga nesa a hutun. Madam kuma ta ce ita ba za ta iya ba."

Auta ta saki rigar da take ninkewa. Malam ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Yaya, ai kai ka amsa min da kanka. Ko da rana ɗaya ce, ka daure. Yarinyar nan ta gaji, kai ma ka dube ta."

"Ta gaji, ko kai ka gaji?"

"Me kake nufi, Yaya?"

"Ka fi ni sani! Ubana na kwance ba ya iya juya kansa, kai kana can kana zaɓen gidan shaƙatawa. In ka gaji da shi ne ka fito fili ka faɗa, ba sai ka ɓullo ta bayan gida ba. Yau kwana biyu ne, gobe mako guda, jibi a ce na zo na ɗauki kayana!"

"Yaya!" Auta ta miƙe. "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Shi ke yi wa Baba wanka! Shi ke ɗaga shi, shi ke kai shi banɗaki — kai sau nawa ka taɓa —"

"Ke rufa min baki! Miji ya juya miki kai, har kin fara ganin ubanki a matsayin matsala."

Maganganu suka cika bakin Malam fal. Yana da amsar kowace kalma, har da ragi. Ya buɗe baki ke nan sai suka ji ƙarar kofi ya faɗi a ɗakin Baba. Ƙofa a buɗe take. Ba abin da tsohon bai ji ba.

Malam ya haɗiye maganarsa. Yaya ya ajiye leda a kan tebur ya fice, ko sallama babu.

Ranar Baba bai ci abinci ba. Auta ta kai cokali bakinsa, ya kawar da kai ya fuskanci bango. Ta roƙa, ta lallaɓa, ta yi masa wasan da ta saba, a banza. Can dai ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Na zame... muku... kaya."

Ta fito da kwanon a hannu, ta sami Malam a kicin yana wanke kofin da ya faɗi. Nan kukan da take riƙewa ya ƙwace, kuma da yake shi ne a kusa, a kansa ya sauka.

"Ka ga abin da ka jawo ko? Muna zamanmu lafiya! Wa ya ce maka ina son zuwa wani tsauni? Da ba ka kawo zancen nan ba da yanzu ubana na cin abincinsa!"

"Auta —"

"Ka soke shi! Ba na so! Ba na son hanimun, ba na son hutu, ba na son komai!"

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Malam ya tsaya ruwa na zuba a kan hannunsa. Maganar Yaya ta yi masa zafi, amma ta Auta ce ta shige shi har ƙashi. Shi ma fa mutum ne. Shi ma yana son ya zauna da matarsa su sha shayi ba tare da kunne ɗaya na sauraron tari daga ɗaki ba. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce ya bi ta ya lissafa mata duk abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Amma ya san ba da shi take faɗa ba. Gajiya ce da tsoro suka rasa ƙofar fita. Ya kashe famfo, ya ɗauki waya, ya soke ɗakin kan tsauni. Da hoton barandar ya ɓace daga fuskar wayar, sai ya kife ta a kan tebur.

Washegari da sassafe, kafin ya tafi makaranta, ya shiga yi wa Baba aski kamar yadda ya saba. Ya ɗora masa tawul a wuya, ya shafa kumfa, ya fara jan reza a hankali ta gefen da fuskar ta karkace. Sai da ya zo haɓa Baba ya yi magana.

"Malam... ka yi... haƙuri. Ɗana ne... amma..."

"Haba Baba, ai Yaya yayana ne. Ɗaga kai kaɗan."

"Nuna min... wurin."

Malam ya goge hannu ya buɗe hotunan da ya adana, don kawai kada ya musa wa tsoho. Baba ya kalli tafki, ya wuce. Ya kalli tsauni, ya gyaɗa kai. Da aka zo kan gonar sai ya ɗora yatsa a kan wayar, ya hana a wuce. Ya matso da fuska, kumfa na ɗiga a tawul.

"Wannan saniyar... ciki... gare ta."

"Ta ina aka gane, Baba?"

"Dubi... tsayuwarta."

Malam ya dubi saniyar, bai ga komai ba sai saniya. Amma da ya dubi surukinsa sai ya ga abin da ya daɗe bai gani ba: idon tsohon ya kawo haske. Nan take wani tunani ya faɗo masa. Duk tsawon lokacin nan, ban da hanyar asibiti, Baba bai ga komai ba sai bangon falo da talabijin. Su suna ta neman inda za su huta daga jinya, ba wanda ya tuna cewa majinyacin ma yana bukatar hutu daga ɗakin jinya.

Lokacin tara, yara na ihu a fili, ya koma ƙarƙashin bishiyar bayan ofishin malamai ya kira lambar gonar. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, muryarta kamar tana kiran wani daga ƙetaren kogi.

"Inna, akwai ɗaki biyu a hutun nan?"

"Akwai, ɗana. Kowa ya tafi wurin masu kiɗa, mu nan sai kukan zakara."

"Akwai matakala?"

"Matakala kuma? Ni da gwiwoyin nan? Ai da aka zo ginin na ce wa magini in ya sa min ko taki ɗaya, shi zai riƙa goya ni."

Ya yi mata bayanin Baba da keken da ake tura shi a kai. Ya tambayi banɗaki, ya tambayi tsayin gado, ya tambayi asibiti mafi kusa, da ko wuta na tsayawa saboda maganin da ake sa wa a firji. Ta amsa duka ba ƙosawa. Da ya ce yana tsoron kada ƙofa ta yi wa keken kaɗan, sai ta ce ya kira ta ta bidiyo. Ya kira. Da farko ba abin da yake gani sai haɓarta da sararin sama, sai wata kaza da ta gifta. Can sai ga ta ta jingina wayar a taga, ta turo baro cike da ciyawa, ta shige ɗakin da shi, ta juyo ta fito.

"Ka gani? In baro ya wuce, keken babanku ma zai wuce!"

Malam ya yi dariya har ɗalibai suka waiwayo. Ya kama ɗaki biyu masu maƙwabtaka da juna.

Da ya dawo gida ya tarar da Auta a bakin ƙofa cikin fararen kayan aiki, idanu a kumbure. Ta sunkuyar da kai.

"Ya ɗan sha shayi. Malam... jiya... sori. Wallahi ban san abin da ya hau kaina ba."

"Na sani. Kada ki mayar da akwatin nan sama."

"Ba ka soke ba?"

"Na soke. Na kama wani. Wurin shanu."

Ta ɗago tana dubansa kamar ya zautu.

"Mu uku za mu," ya ce. "Ba matakala, ƙofa na da faɗi, asibiti na kusa. Na bincika komai."

Ta ajiye jakarta.

"Amma ba wannan kake so ba. Kai so kake mu kaɗaita. Wane irin hanimun ne da suruki a ɗaki na gaba?"

"Irin namu. Auta, ni ba tsauni na aura ba, ke na aura. In na kai ki can, jikinki ne kawai zai je, zuciyarki na nan ɗakin Baba. Gara in ɗauki zuciyar gaba ɗaya in sa a mota."

Ta kifa fuska a ƙirjinsa ta yi kuka sosai, har ta ɓata masa riga da hoda. Ya ce ta yi sauri kada ta makara, ta ce a bar ta ta makara.

Ranar Alhamis da hantsi suka kama hanya a tsohuwar motar Malam. Baba a gaba an tokare shi da matashi, Auta a baya tsakanin akwati da jakar magunguna, keken a naɗe a but. Suna fita daga cunkoson gari Baba ya ce a sauke gilas. Iska ta riƙa kaɗa masa farin gashi. Duk garken da suka wuce sai ya bi shi da ido har ya ɓace.

Gonar ba ta kai hotonta kyau ba. Fentin ya koɗe, labulen ɗakin ma'auratan kuwa guntu ne, bai kai ƙasan taga ba. Amma zanen gado fari ƙal, tsakar gida a share, inuwar mangwaro ta rufe ko'ina. Inna mai masauki ta tarbe su da madara mai ɗumi da burodi da zuma, ta gaida Baba da "sannu da zuwa, Likita", don Malam ya gaya mata aikinsa. Baba ya gyara zama a keken. An daɗe ba a kira shi da wannan sunan ba.

Ko hutawa bai yarda an yi ba, sai garke. Malam ya tura shi har bakin shinge. Saniyar nan ta hoto ashe ta haihu, ga ɗan maraƙi ja yana tangaɗi a bayanta.

"Ban... faɗa ba?" in ji Baba, yana duban Malam ta wutsiyar ido.

Maraƙin ya matso, ya shinshina gwiwar Baba, ya zura kai ta shingen ya fara lasar hannun nan da ba ya motsi. Ya lasa, ya ƙara lasa, har ya kama babban yatsa yana tsotsa. Sai ga Baba na dariya. Dariya ta gaske, da baki a karkace, da hawaye, kafaɗa na girgiza.

"Ɗan banza... ya ɗauka... nono ne!"

Auta ta toshe baki da mayafi. Ta ɗauki bidiyo, ba ta yi shawara da kowa ba ta tura wa Yaya. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Ranar Baba ya cinye abincinsa tas, ya nemi ƙari. Ya zauna da Inna a inuwa yana ba ta labarin wani bijimi da ya taɓa korarsa har kan bishiya. Labarin da mai lafiya zai gama cikin ɗan lokaci, shi ya ɗauke shi har rana ta karkata, ita kuwa tana tsinke ganye tana jiran kowace kalma ba ta katse shi ba. Malam da Auta na zaune a kan benci nesa kaɗan, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ko wannan kaɗai, a ran Malam, ya biya.

Da safiyar Juma'a suna karyawa sai ga wata doguwar mota ta shigo tana kauce wa kaji. Yaya ne ya fito, shi kaɗai, ba turare, ba leda. Ashe sunan gonar ya gani a jikin shinge cikin bidiyon, ya biyo hanya. Malam ya miƙe ya tare shi da hannu biyu kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"Sannu da hanya, Yaya. Ga shayi da zafinsa."

Yaya bai iya haɗa ido da shi ba. Ya wuce wurin Baba, kuma a karon farko bai tsaya daga nesa ba. Ya durƙusa a gaban keken.

"Baba, na ga kana dariya. Na kalla ya fi a ƙirga." Ya sunkuyar da kai. "Ni... ba na iya ganinka a haka ne. Kai da kake kayar da bijimi. In na shigo ɗakin sai in ji ƙafata ta ƙi. Sai in huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba."

Baba ya daɗe yana dubansa. Sannan ya nuna Malam da haɓa.

"Wancan... ba ni... na haife shi ba. Ba shi... haƙuri."

Yaya ya juyo, amma kafin ya buɗe baki Malam ya riga shi.

"Ya wuce, Yaya, wallahi ya wuce. Zo ka taya ni, lokacin miƙe ƙafarsa ya yi."

Nan aka ga abin tausayi da ban dariya. Yaya, ƙato guda, ya rasa ta inda zai kama mahaifinsa. Ya kama hannu, ya saki, ya kama kafaɗa, gumi ya keto masa.

"Ba nan ba, sa hannunka ta ƙarƙashin hammata. Ka tokare gwiwarsa da taka. Yawwa. Kada ka ja shi, ka bari ya jingino. Baba, bismilla."

Baba ya miƙe a jikin ɗansa, kansa a kafaɗarsa. Yaya ya riƙe shi ƙam, ya ƙi saki, ko da aka ce ya isa. Bayansa kawai ake gani yana girgiza. Inna ta juya ta shiga kicin tana cewa hayaƙi ya shigar mata ido, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Da aka mayar da Baba kan keke, ya dubi 'yarsa da mijinta.

"Ku biyu... ku ɓace min... da gani. Sai... magariba."

"Baba, maganin rana fa —"

"Na ji, na ji," in ji Yaya yana share fuska. "Fari ɗaya, ja ɗaya, bayan abinci. Ki tafi, Auta, kafin ya kore mu duka."

Inna ta cusa musu flas da tabarma, ta nuna musu 'yar hanyar da ta bi ta bayan garke zuwa rafi. Sau uku Auta na waiwaye. A na huɗu Malam ya kama hannunta, ba ta ƙara juyawa ba.

Rafin ƙarami ne, ruwan na gudu a kan duwatsu, ga wata babbar bishiya ta sunkuyo kansa. Suka shimfiɗa tabarma. Ta cire takalmi ta tsoma ƙafa, ta yi ƙara saboda sanyi, ta watsa masa ruwa, ya rama. Suka sha shayi a murfin flas ɗaya. Malam ya daɗe yana tanadin kalaman da zai gaya mata in sun kaɗaita, har tsara su ya yi a zuci kamar darasi. Ya gyara murya.

"Auta, tun ranar da na fara ganinki —"

"Uhm," ta ce, ta kwantar da kai a cinyarsa. "Ci gaba, ina ji."

Bai kai ƙarshen jimla ta biyu ba ya ji numfashinta ya canza. Barci ya ɗauke ta, barci mai nauyi irin na wadda ba ta jiran kiran kowa. Ya dubi fuskarta. Duk ƙullin nan na tsakanin gira ya warware, ta koma yarinyar da ya aura. Ƙafarsa ta yi sanyi, ta fara zugi kamar ana soka masa allura, amma bai motsa ba. Ya cire hularsa yana kore mata ƙuda, har inuwa ta zagayo ɗaya gefen.

Da ta farka ta zabura. "Innalillahi! Na yi barci? Malam, me ya sa ba ka tashe ni ba? Na cinye mana hanimun ɗin da barci!"

"Ban taɓa jin daɗin yini kamar na yau ba."

"Ƙarya kake."

"Tashi dai ki ja ni, ƙafar nan ta mutu."

Ta ja shi tana dariya, ya taso yana ɗingishi, ya dafa kafaɗarta. A hanya ta tsaya, ta dube shi ido cikin ido.

"Abin da ka yi wa ubana, Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da shi."

"Amin. Amma sai ke za ki haifo min su."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ta rufe fuska.

Tun daga wannan tafiyar, duk ƙarshen mako Yaya ke zuwa da kansa ya ɗauki Baba, har ya ƙware a aski ya fara yi wa Malam gyara. Auta ta samu barci, Malam ya samu matarsa, Baba kuwa bai ƙara kiran kansa kaya ba.

Da Malam ya rama maganar Yaya a ranar nan, ko ya biye wa fushin matarsa a kicin, da gidan ya rabe biyu, kuma da gaskiyarsa ba ta amfane shi da komai ba. Sai ya yi shiru a lokacin da magana ke da daɗin faɗa, ya nemi hanyar da za ta ɗauki kowa. So na gaskiya ba ya cewa a zaɓa tsakanin masoyi da iyaye; faɗaɗa wuri yake yi har kowa ya samu inda zai zauna. Wanda ya daure ya yi hakan, abin da ya haƙura da shi yakan dawo masa, kuma ya dawo da albarka a kai.